Talatin da Biyu ga Watan Asar

Kathmandu,
Farkon watan Asar.

Zuwa ga Abbu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Ammi da Yaya Irshad da iyalinsa. Yaya zafin Nepalgunj, yaya kuma kunnen? Ammi ta ce min ka jefa na'urar jin da aka saya maka cikin akwatin zare, wai tana yi maka kuka kamar sauro. To madalla. Tunda ka rantse ba za ka ji ni a waya ba, ga takarda, ita ba ruwanta da kunne.

Albishirinka, Abbu. An ba ni aiki nawa na kaina a ofis. Ka san manhajar da muke ginawa, wadda za ta riƙa tuna wa matan ƙauyukan kan dutse ranar allurar rigakafin 'ya'yansu. A ido abu ɗaya ce, amma da harsunan kwamfuta huɗu aka rubuta ta, kowane da mutanensa. Masu Python ke lissafa ranar da kowane jariri zai karɓi allura. Masu Go ke tura wa uwarsa saƙo a waya. Masu Kotlin suka yi wadda ke cikin wayar ma'aikatan lafiya. Sai masu Java, tsofaffin gida, su ne ɓangarensu ke gaya wa ma'ajiyar gunduma ranar da za a ɗora wa ɗan dako akwatin sanyi ya hau dutse da maganin.

Kowane ɓangare yana da gwaje-gwajensa. Na san za ka ce mene ne kuma gwaji. 'Yar tambaya ce da ake yi wa ƙaramin yanki na manhaja, wadda an riga an san amsarta. Misali, jaririn da aka haifa rana kaza, yaushe allurarsa ta biyu? In yankin ya amsa daidai allo ya nuna kore, in ya kauce ya nuna ja. Kamar dai yadda kake jan kowane ɗinki na bargo da yatsa kafin ka miƙa wa mai shi. Abin haushin, kowa da yadda yake kunna nasa, a kwamfutarsa, ranar da ya ga dama, kuma babu mai leƙa na wani. Masu Python na cewa mai Java sai ya cika shafi kafin ya ce maka sannu. Masu Java kuma na cewa Python ba harshe ba ne, wasan yara ne. A kan wannan gardama suke shan shayinsu kullum.

Shugabarmu, Madam Sulochana, ta ce in tattaro su duka su bi ta ƙofa ɗaya. Na sha wuya, Abbu, don kowane harshe da irin yadda yake ba da sakamako, kuma kowane mai harshe da irin girman kansa. Amma yanzu umarni ɗaya ake bugawa, gwaje-gwajen harsunan huɗu su tashi ɗaya bayan ɗaya, sakamako ya fito a babban allon bango da sunan mai kowane ɓangare. In aka samu ja ko guda, babu abin da zai fita daga ofishin nan zuwa wayar kowa. Kuma makullin yana hannuna. Ni, 'yar mai bargo, da ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba tukuna!

Jiya muka kunna karon farko, kowa ya bar kujerarsa ya zo kallo. Kore ya dinga saukowa har ƙasan allo, aka yi ta tafi. Yaya Tirtha, shugaban masu Java, wanda shi ya kafa manhajar nan ya kuma koyar da rabin ofishin, ya dube ni ya ce, “Ƙanwata, yau kin sa kura da akuya sun ci a kwano ɗaya.” Mutumin da ba ya yabon kowa! Wallahi har na isa gida kaina bai dawo daidai ba. Sai dai kwanakin nan ba ya zama sosai, mahaifiyarsa na kwance a asibiti.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya min. Wasu gwaje-gwajen Java ba su nuna kore ba, ba su nuna ja ba, launin toka suka yi. Ma'ana wani ya sa musu alamar a tsallake su, mu kan ce an kwantar da su barci. Zan tashe su in ji dalili, tunda kafin ƙarshen watan nan za a fara aiki da manhajar a gundumomi biyu.

Ka gaishe min da Ammi, ka ce mangwaron da ta aiko ya iso, rabi ya nuna a mota. A ci gaba da sa ni a addu'a.

'Yarka,
Tarannum

Kathmandu,
Ashirin da 'yan kai ga Asar.

Abbuna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, kuma ciwon gwiwar Ammi ya yi sauƙi. Na ji an yi ruwa a wajenku har ya shiga shagon Yaya Irshad, Allah ya sa audugar ba ta jiƙe ba. Ni lafiyata ƙalau, amma raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Na farko, mahaifiyar Yaya Tirtha ta rasu. Yana zaman makoki a gidansu na unguwar Balaju, ba zai dawo ba sai wata ya ƙare.

Na biyu, na tashi waɗancan gwaje-gwajen masu barci. Yawancinsu tsofaffi ne da ba su da amfani, amma ɗaya na tashi sai ya yi ja. Ka san tsawon watanni a kalandar ƙasarmu na canzawa daga shekara zuwa shekara, Asar na bana kwana talatin da biyu ne, yana nan a kalandar da ke rataye a shago. Na ɗauki tambaya ɗaya na yi wa harsunan huɗu: wace rana ce ke bin talatin da ɗaya ga Asar? Python, Go da Kotlin suka ce talatin da biyu. Java ya ce ɗaya ga Saun, watan da ke bin Asar. Tun shekarun baya Yaya Tirtha ya shigar da tsawon watannin shekaru masu zuwa da hannunsa, sai masu tsara kalanda suka fitar da ta bana ta saɓa da lissafinsa da kwana ɗaya.

Ka duba abin da hakan zai haifar. Ranar allura a ƙauyuka da dama ta faɗo ne a wannan rana. Uwa za ta samu saƙo ta zo talatin da biyu ga Asar. Ɗan dako kuma takardarsa za ta ce ɗaya ga Saun, ya dubi kalandar bango, ya tashi washegari. Mace ta bar dashen shinkafa, ta goya jariri, ta yi rabin yini tana hawan dutse cikin ruwan sama da matsattsaku, ta tarar babu allura. Wadda aka yi wa haka sau ɗaya, ko saƙo goma ka tura mata ba za ta sake zuwa ba.

Na kira Rojina, mataimakiyar Yaya Tirtha, na nuna mata. Ko mamaki ba ta yi ba, sai ta sunkuyar da kai. Ashe tun watan Baisakh, wata biyu kafin Asar, suka ga jan nan. Ita da sauran yaransa suka haɗa baki suka kwantar da gwajin. Ta ce, “Tarannum, ke baƙuwa ce. Wa zai kalli idon Yaya ya ce masa kalandarsa ta yi kuskure? Shi ya koya mana riƙe aikin nan.” Wai suna jiran lokacin da ya dace. Lokacin bai zo ba har uwarsa ta kwanta, yanzu kuma ga rasuwa.

Na ce to a gyara mana, layi ɗaya ne. Ta ce ƙa'idar gidan ita ce ba a taɓa kalanda sai da sa hannunsa, kuma in dai a bayan idonsa ne, yana zaune a kan ciyawa yana makoki irin na al'adarsu, gara a kore ta. Na yi faɗa, Abbu, har da buga tebur. Amma a raina na gane su. Ni ma a gidan kara na tashi, na san yadda baki ke nauyi a gaban babba. Sai dai wannan karar, jariran wasu ne za su biya ta.

Madam Sulochana ta kira ni ofishinta. Ba muguwa ba ce, ma'aikatar lafiya ce ke kiranta safe da yamma. Dole a fitar da manhajar ranar Juma'ar nan don saƙonni su isa kan lokaci. Ta ce, “Kwana ɗaya ne fa. Mayar da shi barci mu fitar, in ya dawo ya gyara.” Na ce ranar da zai dawo matan sun riga sun hau dutse sun sauko. Na ce ƙofar da ake buɗewa in an matsa ai ba ƙofa ba ce, labule ne. Ka san bakina, na gado ne. Ta cire tabarau ta ce, “Makullin nan ni na ba ki, ni kuma zan iya karɓa. Kina da zuwa Juma'a.” Wanda ba a tabbatar ba, in aka karɓe masa aikin da aka ɗauke shi dominsa, ai ba sai an ce masa ya tattara kayansa ba.

To ga ni, gaba kura baya siyaki. In na buɗe na ci amanar matan da ba su san da ni ba. In na ƙi, Madam ta buɗe da hannunta, ni kuma in hau motar Nepalgunj. Hanya ɗaya ta rage, wadda duk ofis suka ce rashin kunya ce, wato in je gidan makokin. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Kada ka gaya wa Ammi, za ta fasa cin abinci. Ina gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Tarannum

Kathmandu,
Asabar, ƙarshen Asar.

Abbuna abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda ta same ku lafiya, kai da duk mutanen gida. Na san waccan ta tayar maka da hankali, shi ya sa na zauna rubuta wannan tun ban karya ba. Ka gyara zama.

Ranar Laraba na sayi ayaba da tuffa na tafi Balaju. A hanya ina ta gaya wa kaina gaisuwa kawai za ni, amma Allah ya sani maganar na nan a bakina. Na same shi a ɗakin ƙasa, zaune a kan ciyawa, an aske masa kai, farin ƙyalle kawai a jikinsa. Ka san dokar makoki a addininsu, ba a taɓa shi, ba a miƙa masa komai hannu da hannu, abinci sau ɗaya a yini babu gishiri. Ya rame, Abbu. Mutumin da in ya yi tari a ofis kowa ke gyara zama, sai ga shi ya koma ɗan ƙarami. Da na gan shi haka sai na yanke shawarar a bar kaza cikin gashinta. Na ajiye 'ya'yan itacen a gefe, na yi masa ta'aziyya, na fara neman takalmina.

Shi ne ya tsayar da ni. Ya ce, “Ƙanwata, ƙofarki fa?”

Ga 'yan'uwansa zaune, ga pandit, malamin addininsu, a gefe. Da na ce lafiya lau da shi ke nan. Amma ban iya ba. Na ce, “Ja ce, Yaya.” Ya ce na wa? Na ce nasa. Na faɗa masa komai a taƙaice, wata gwaggonsa na harara ta kamar na shigo da takalmi.

Nan take na fara nadama. Can ya juya wajen pandit ya tambaye shi ranar da za a kammala makokin. Pandit ya ce ai ya faɗa masa tun ranar farko, talatin da biyu ga Asar. Yaya Tirtha ya dafe goshi. Ya ce da kunnensa ya ji, kullum yana maimaita ranar a zuciyarsa, amma ko sau ɗaya bai tuna da kalandarsa ba. Sannan ya tambaye ni tun yaushe gwajin ke barci. A nan ne na so in yi ƙarya don in rufa wa su Rojina asiri, amma ya kafe ni da ido. Na ce tun Baisakh.

Kuskuren bai dame shi ba kamar wannan. Ya ce, “Tun Baisakh? Suna kawo min shayi, suna yi min dariya?” Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi ya koya musu rubuta gwaji, ashe bai koya musu abin da ake yi in ya nuna ja ba.

Ya ce in kira Rojina. Tunda ba zai karɓi waya daga hannuna ba, na buɗe murya na ajiye ta a ƙasa, na tura masa da ɗan yatsa har bakin ciyawar. Ya sunkuya ya ce, “Rojina, ki gyara kalandar, ki sa sunanki a kai. Wancan sa hannun nawa da ake jira, ki cire shi gaba ɗaya. Kuma duk gwajin da ke barci a ɓangarenmu, ko ya tashi ko a share shi.” Ita dai kuka kawai take tana ba shi haƙuri. Ya ce ta bar kuka, a gidansa ake makoki ba a ofis ba.

Alhamis muka wuni a kai. Rojina ta gyara layin, ni kuma na sa aka rubuta kalandar wuri ɗaya, harsunan huɗu su riƙa ɗauka daga can, kowane kuma da gwajin da ke yi masa tambaya iri ɗaya. Masu Python da masu Java a tebur ɗaya, Abbu, suna cin momo, 'yan dunƙulen fulawar nan masu nama a ciki, a leda ɗaya, ba su fasa zagin harshen juna ba.

Jiya Juma'a bayan na dawo daga salla, Madam ta tsaya a bayana ta harɗe hannu, na buga umarnin. Python ya wuce, Go ya wuce, Kotlin ya wuce. Java ya fi kowa jinkiri kamar yadda ya saba. Da ya gama, allon nan kore ne daga sama har ƙasa, babu ja, babu toka ko ɗaya. Da hannuna na buɗe ƙofar, manhaja ta fita. Madam ta ce ko alfadarin duwatsun Jumla bai kai ni taurin kai ba, ta koma ofishinta ba ta ce komai a kan makulli ba.

Yanzu kana iya gaya wa Ammi. Ka ce mata ina cin abinci sosai.

'Yarka mai ƙaunarka,
Tarannum

Kathmandu,
Tsakiyar watan Saun.

Zuwa ga Abbu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Ammi da su Yaya Irshad. Yaya ruwa, yaya jiki? Takardarka ta iso. Layi uku kacal, biyu daga ciki faɗa ne a kan na shiga gidan makoki da maganar aiki. Na karɓi faɗan. Layin ƙarshe kuwa na karanta shi ya fi sau nawa, ba zan maimaita maka ba don kada ka ce ba kai ka rubuta ba.

Talatin da biyu ga Asar ta zo ta wuce. Wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Dhana Kumari ta turo wa ofis hoto daga ƙauyensu: mata a jere a ƙarƙashin rumfar kwano, ƙafafunsu duk laka, jarirai a baya, akwatin sanyi a buɗe a kan benci. Ta rubuta cewa mata sun zo, allura ta zo. Ba ta san an yi wata rigima ba, kuma haka nake so. An tabbatar da ni a aiki a makon da ya biyo baya, makulli na nan a hannuna.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Yaya Tirtha ya dawo, cikin fararen kaya, ba ya yawan magana. Yaransa sai raɓe-raɓe suke, kowa na jiran ranar da zai zazzage su. Shekaranjiya da hantsi ya yi wani gyara a ɓangaren ma'ajiya ya tura. Ƙofa ta kunna gwaje-gwaje kamar kullum. Sai ga ja a allon bango, da sunansa ɓaro-ɓaro a gefe, a gaban kowa.

Kowa ya bar aikinsa ya dubi allon. Shi kuma ya duƙufa a kan kwamfutarsa kamar bai gani ba. Har yau ban sani ba ko da gaske bai lura ba ne ko jira yake. Na ga masu Java suna satar kallona, wato ni mara kunyar gida in tashi in faɗa. Na riƙe kujerata gam, na ce yau ko za a kwana a nan ba zan yi magana ba.

Sai Rojina ta miƙe. Fuskarta kamar wadda za a yi wa allura, ta taka har teburinsa ta ce, “Yaya, naka ne ya yi ja.” Ya ɗago ya dubi allon, ya dube ta, ya ce, “To jawo kujera ki nuna min inda na ɓata.” Ta jawo, ta zauna, ta sa yatsa a kan layin. Sauran suka koma bugun aikinsu, mai shayi ya shigo da tire.

Ni kuwa na fita na tsaya a matakala ina share hawaye da gefen mayafi. Na yi ta murnar kore tun farkon aikin nan, amma wallahi, Abbu, ban taɓa jin alfahari da aikin hannuna ba kamar ranar da na ga jan nan a bango, aka kuma samu mai faɗa.

Ka gaishe min da Ammi da kyau, da Yaya Irshad da matarsa da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya bar mu tare.

Wassalam,
'yarka,
Tarannum Mansuri